SHIN GANI YANA ZAMA HALARTA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Madawa zuwa Buza, ko ya hau duwatsun Adar ya gangara Keita, ya san abin da ake kira jirin mota. Mutum yana zaune lafiya, sai zufa mai sanyi ta keto masa, miyau ya taru a baki, zuciya ta tashi. Masana jikin ɗan Adam sun bayyana cewa a can cikin kunne Allah Ya halicci wasu ƴan bututu uku masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai. Fasinjan da ke cunkushe a baya, idonsa na kan kujerar gabansa yana ce masa zaune yake, kunnensa kuwa yana ce masa ana jijjiga shi. Shaidu biyu sun saɓa, sai jiki ya rikice. Wannan shi ne bayanin da Reason da Brand suka yi a littafinsu na shekarar 1975. Direba kuwa da wuya abin ya kama shi, domin yana ganin kwana tun kafin ya sha ta.

To, ga shi zamani ya zo da wani tabarau da ake ɗaura wa fuska, kwamfuta ta cika idon mutum da wata duniyar kwaikwayo, in ya juya kai ita ma ta juya. Ivan Sutherland ya ƙera irinsa na farko a Amurka a 1968, kuma a 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai yin sa a kan kuɗi wajen dala biliyan 2. Abin lura shi ne, mutane da yawa in sun sa shi jirin nan ne ke kama su, sai dai a juye: ido yana cewa ana gudu, kunne yana cewa ana zaune. A 1993 Robert Kennedy da abokan aikinsa suka tsara tambayoyi a kan alamomi 16 don auna wannan ciwo, daga abin da suka gani ga sojojin ruwan Amurka masu koyon tuƙin jirgin sama a na'urar kwaikwayo. Tun a 1977 ma Michel Treisman ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar wannan saɓani a matsayin alamar an sha guba, shi ya sa take sa amai don ta ceci mai ita.

Me ya kawo wannan magana cikin mujallar masallaci? A watan Disamba na 2021, hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma, ƙarƙashin Sheikh Abdurrahman Sudais, ta ƙaddamar da wani shiri na ganin Hajarul Aswadi ta irin wannan tabarau. Magana ta yi yawa a duniyar Musulmi, har a watan Fabrairu na 2022 hukumar addini ta Turkiyya, wato Diyanet, ta bayyana cewa wannan kallo ne, ba ya zama aikin Hajji. Mu ma tambayar za ta iso mu. Akwai dattijo a cikin sahunmu wanda ya shekara ashirin yana sayar da albasa da tumaki yana tari, kullum kuɗin kujera yana yi masa nisa. Ranar da jikansa zai ɗaura masa tabarau ya ga Ka'aba kamar ya miƙa hannu, me za mu ce masa?

Hukunci dai a sarari yake. A mazhabarmu ta Malikiyya rukunan Hajji huɗu ne: harama, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, da tsayuwar Arfa, da ɗawafin ifala. Ban da niyyar da ke cikin harama, kowannensu aiki ne na jiki a wani wuri da aka ƙayyade. Wanda yake Buza ranar tara ga Zulhajji bai tsaya Arfa ba, ko da idonsa ya cika da hotonta.

Amma akwai abin da ya fi hukuncin zurfi. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa ido shaida ne mai iya kuskure. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo misalin inuwa wadda ido ke gani a tsaye alhali tafiya take yi, da tauraro wanda ke bayyana kamar kwabo alhali ya fi ƙasa girma. Suratun Nur, aya ta 39, ta buga misali da kawalwalniya wadda mai ƙishirwa ke zato ruwa ce. Saboda haka Allah bai bar mu da shaida ɗaya ba. Jirin da ke kama mai tabarau, in muka duba da idon basira, rahama ce: jiki ne ya ƙi amincewa da labarin da ido shi kaɗai ya kawo.

Sai dai bincike ya nuna cewa yawancin mutane, in suka yi ta maimaitawa, jirin yana raguwa, kuma masu ƙera na'urar suna ta ƙoƙarin kawar da shi. A nan ne tsoronmu yake, domin zuciya ma haka take. Ranar da mutum ya fara tauye mudu ko ya fara shaidar zur, ransa yana tashi, barci ya ƙi zuwa. In ya yi ta yi, sai ya saba, ya ɗauka ya warke, alhali mai gargaɗinsa ne ya yi shiru. Haka saurayin da ke kwana yana kallon biranen wasu a wayarsa har gonar ubansa ta zame masa kurkuku. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da mu cewa za a tambaye mu game da ji da gani da zuciya.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin bambancin kallo da aiki. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, da gine-ginen duwatsu da aikin raya karkara na Keita ya soma a 1984 da taimakon Italiya da FAO, hannu ne ya yi su, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na duwatsun a kansu. Da kallon hoton kurmi yana tsayar da hamada, da ba wanda ya sha rana.

Ba mu ce na'urar haramun ce ba. In an yi amfani da ita an koya wa maniyyaci inda zai fara ɗawafi da yadda zai bi zuwa Mina, ko an horar da likita kafin ya taɓa majinyaci, wannan alheri ne, kamar allo a hannun almajiri. Sharaɗi shi ne a kira ta da sunanta, kada a sayar wa talaka hoto da sunan ibada.

Shi kuwa dattijonmu, muna da abin da ya fi tabarau da za mu ba shi. Hajji bai wajaba ba sai ga mai iko. Kuma ya tabbata a cikin Buhari cewa a tafiyar Tabuka Manzon Allah (SAW) ya ba sahabbai labarin wasu mutane da suka rage a Madina, uzuri ya tsare su, amma suna tare da rundunar a kowane kwari da ta ratsa. Waɗannan ba su ga hanyar Tabuka ba, niyyarsu ta gaskiya ce ta kai su. Mu gaya masa ya riƙe niyyarsa, ya ci gaba da tarinsa na halal, ya yi azumin Arfa tare da mu. Masu hali a cikinmu kuma su tuna da shi kafin su biya kujera ta uku.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kai mu Ɗakinsa da ƙafafunmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.