Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa, Amma Gadon Me?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, ga tambaya: shin tsayuwa a kan hali ɗaya ba tare da canzawa ba, alheri ce ko da yaushe? Kada ka yi gaggawar amsawa, tsaya ka ji misali.

Ka san manomin rogo ba ya shuka ƙwaya. Itacen rogon yake sarawa ya binne, haka ma mai rake. Abin da ya tsiro ba ɗa ba ne kamar sauran 'ya'ya, uwar ce kanta ta sake fitowa, da zaƙinta da ɗacinta. To, masu noman tabar wiwi a Kanada, wadda ta halatta ta a dokarta a 2018, da jihar Kalifoniya ta Amurka, da wannan dabara suke aiki. Idan aka shuka ƙwayar wiwi, wata takan fito namiji, wata mace, wata mai ƙarfi, wata maras ƙarfi. Su kuwa ba sa son wannan bambanci. Sai su zaɓi mace guda su kira ta uwa, su riƙa yankar rassanta suna dasawa, domin sinadarin da ke bugarwa, wanda aka gano siffarsa a 1964 ake ce masa THC, ya zo daidai a kowane girbi.

Ka ga ilimi, ka ga haƙuri, ka ga tsare amanar mai saye. Amma amanar me? Amanar cewa hankalinsa zai gushe yau kamar yadda ya gushe jiya! Malamai irin su Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, sun yi hukunci cewa haramun ce domin maye. Ashe ƙwarewa ba ta wanke aiki. Dabarar da ta ciyar da gida da rogo, ita ce ta cika kasuwa da abin maye.

Sannan ga abu na biyu. Reshe yana ɗauko cutar uwarsa tare da kyanta. A 2019 masana suka ba da rahoton wata ƙwayar cuta a gonakin wiwi na Kalifoniya, mai tsumburar da shuka, tana bin rassan da ake dasawa da wuƙar da ake yanka. Uwa takan yi kamar lafiya lau, alhali ta raba wa kowa. Haka cutar Fanama ta cinye gonakin ayaba a tsakiyar Amurka a shekarun 1950, domin duk iri ɗaya ne, abin da ya kayar da guda ya kayar da duka. Kuma ko uwar ba ta zama yadda take: idan ta daɗe, ƙananan canje-canje suna taruwa a ƙwayoyin halittarta, mai dashe bai sani ba.

To, kai fa? Kai ma reshe ne. Ka ɗauko hali daga gida, daga majalisa, daga abokan da kake kwana kana tashi da su. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, gaskiya ne idan abin gadon na kirki ne. Amma shuka ba ta da zaɓi, kai Allah Ya ba ka hankali, kuma za a tambaye ka. Wanda ya dawwama a kan gaskiya, shi ne mai istiƙama. Wanda ya dawwama a kan ɓarna, taurin kai ne kawai.

Saboda haka, kafin ka yi alfahari cewa kai ba ka canzawa, duba uwar da aka yanko ka daga jikinta. Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta, amin.