Kunnen da Ya Yage: A Ɗinke Shi ko a Bar Shi?

Karatu: Luka 22:47-53

'Yar'uwa cikin Ubangiji, wataƙila ke ce, ko kuwa wadda take zama kusa da ke a zumuntar mata. Kullum ɗankwali a janye ta gefe ɗaya, ba kuwa don sanyi ba: leɓen kunne ne ya rabu biyu. Wata nauyin 'yan kunne ne ya yi ta jan hudar shekara da shekaru har ta ɓalle. Wata yaron da take goyo ne ya fizge. Ga kuma samarinmu da suka faɗaɗa hudar kunne da gangan tun suna cikin duniya, yanzu sun karɓi Yesu, amma ramin yana nan. Tambayar da ake yawan kawo mana ita ce: idan mai bi ya je asibiti aka ɗinke masa, ya yi zunubi? Ba son ado ba ne? Ba share abin da Allah ya bari don ya zama darasi ba ne?

Ki fara sanin yadda abin yake. Leɓen kunne ba shi da guringuntsi kamar sauran kunnen, fata ce da kitse, shi ya sa yake miƙewa yake kuma yagewa. Idan yagar ta daɗe, kowane gefe ya riga ya rufe da fata, ko an haɗa su ba za su manne ba. Sai likita ya yi allurar kashe zafi a wurin, ya yanke busassun gefunan, ya haɗa ɗanye da ɗanye ya ɗinke. Yawanci ba ya kai awa ɗaya, bayan mako ɗaya zuwa biyu a cire zaren. Ƙaramin aiki ne, amma tambayar da ke bayansa ba ƙarama ba ce.

Masu cewa a bar shi haka suna da hujja, kada mu raina su. A Fitowa 32, da 'yan kunnen zinariya Haruna ya ƙera ɗan maraƙin da Isra'ilawa suka yi wa sujada. A Farawa 35, sa'ad da Yakubu ya tsarkake gidansa, ya binne 'yan kunne tare da gumaka a gindin itace kusa da Shekem. Bitrus da Bulus duka sun gargaɗi mata kada darajarsu ta rataya a kan zinariya. Akwai ikilisiyoyi 'yan'uwanmu da suka hana kayan ado ɗungum saboda waɗannan ayoyi. Amma a Ezekiyel 16, Allah da kansa ne ya kwatanta yadda ya sa wa Urushalima 'yan kunne don ya nuna ƙaunarsa. Wannan gardama ta daɗe, ba kuma a wannan shafi za mu gama ta ba. Abin da nake so ki lura shi ne, maganar sa 'yan kunne dabam, maganar gyara jikin da ya yage dabam. Ko a ikilisiyar da ba a sa ɗan kunne, ba a ce tsagaggen kunne ya fi lafiyayye tsarki ba.

Yanzu ki duba karatunmu. An zo kama Yesu, almajiri ya zare takobi ya sare kunnen dama na bawan babban firist. Yahaya 18 ya gaya mana Bitrus ne, sunan bawan kuma Malkus. Rashin kunnen waje ba ya hana mutum rayuwa. Ba aboki ba ne, cikin masu kamun ya zo. Ubangiji kuwa gicciye ne a gabansa. Duk da haka ya tsaya ya taɓa kunnen ya warkar. Da ya so, da ya bar Malkus ya yi ta yawo da kunne ɗaya, duk wanda ya gan shi ya tuna da wannan dare. Bai ga ya dace jikin wani ya zama allon wa'azi ba.

Za ki ce, ai shi kansa ya tashi daga matattu da tabon ƙusoshi, har ya nuna wa Toma. Gaskiya ne. Amma jikinsa ne, shi ya zaɓi ya riƙe, shi ya zaɓi wanda zai nuna wa. A nan nake da magana da mu shugabanni. Muna jin daɗin saurayi mai ramin kunne ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, don ramin yana ƙara wa labarin armashi. Gobe kuwa shi kaɗai zai je neman aiki da wannan kunne, shi kaɗai zai zauna gaban iyayen yarinyar da yake so. Ɗan'uwa, in ka ga ramin yana buɗe maka ƙofar yi wa tsoffin abokanka bishara, ka riƙe shi da farin ciki. In kuwa ya zame maka kaya, ka je a ɗinke. Gafarar da ka samu ba a kunnenka take ba.

Inda lamiri zai yi aiki shi ne wajen kuɗi da dalili. In kuɗin makarantar yara za ki taɓa, ko bashi za ki ci, kunnen zai iya jira, ba ciwon gaggawa ba ne. In kuma don ki koma wa masu nauyin nan ne, ki sani wurin ɗinki ba ya kai ƙarfin fatar asali. Likitoci kan ce a jira watanni kafin sabuwar huda, kada kuma a huda a kan tabon. Kada neman araha ya kai ki wurin wanda ba likita ba. Mu baƙaƙen fata mun fi saurin yin tabon nan mai kumburi da ke ci gaba da girma, wanda ake kira kiloid, kuma leɓen kunne na cikin wuraren da ya fi fitowa. In kin taɓa yin irinsa, ki faɗa wa likita kafin ya sa wuƙa.

Saura kunne ɗaya da ban ambata ba, wanda ba nauyi ya yaga ba, ba yaro ba, hannun miji ne. Sau da yawa a nan ne ake saurin biyan kuɗin ɗinki, don a rufe magana kafin Lahadi. 'Yar'uwa, ki karɓi ɗinkin, hakkinki ne. Amma da likita ya tambaye ki yadda aka yi, kada ki ce ƙofa ce ta kama ɗan kunnen. Ki faɗa masa gaskiya, ki faɗa wa danginki, ki faɗa wa wata dattijuwa da kika amince da ita a ikilisiya. In wanda kika fara gaya wa ya ce ki yi haƙuri ki koma shiru, ki nemi na biyu tun a wannan mako.