CIRE MUTUM DAGA HOTO: GYARA NE KO ƘARYA?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Watau labarin da aka ba ka da baki yana iya ƙaruwa ko raguwa a hanya, amma abin da idonka ya gani ba sauran gardama a kansa. Da hoto ya zo duniya sai mutane suka ba shi matsayin ido. In an nuna maka hoton taro, ka ga wane a tsaye kusa da sarki, sai ka gaskata lalle ya halarta. In ba ka gan shi ba, sai ka ɗauka bai zo ba.

To, ga shi yanzu an sami dabarar cire mutum ko dabba daga hoto ba tare da barin tabo ba. A da aikin gwanaye ne, da aska da alkalami da fenti, a yini ana fama. Amma tun da manhajar Photoshop ta fito a 1990 aikin ya koma cikin kwamfuta, a 2021 kuwa kamfanin Google ya sa irin wannan dabara cikin wayar hannu, har yaro ma yana iya shafe mutum da ɗan yatsa. Sabo da haka ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu, shin wannan aiki gyara ne ko kuwa ƙarya?

Bari mu fara duba yadda abin ke gudana. Hoton da ke cikin waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana, miliyoyi, kowane da launinsa. Manhaja ta kan bi gefen jikin mutum ta ware ɗigon da ke nasa. Daga nan ko dai a riƙe mutumin a zubar da abin da ke bayansa, ko kuwa a ɗauke mutumin a bar bayan. In an ɗauke shi, gurbinsa ya zama rami. Sai manhajar ta dubi abin da ke kewaye, bango ne ko ciyawa ko ruwa, ta kintata, ta cike ramin da irinsa. Ka lura da wannan, ya kai mai karatu: abin da aka cike gurbin da shi, kyamara ba ta taɓa ganinsa ba. Kintace ne aka yi masa kamannin gaskiya.

Duk da haka ba kowace cirewa ce laifi ba. Wanda ya ke son hoton fasfo, aka shafe labulen da ke bayansa aka sa fari, bai yaudari kowa ba, gama fuskarsa ake nema. Mai sayar da takalma da ya cire tarkacen rumfa don kayansa su fito sosai bai cuci mai saye ba, muddin bai taɓa takalman ba. Haka wanda kyanwarsa ta ɓace, ya yanko ta ita kaɗai daga hoton tsakar gida don maƙwabta su shaida ta. A nan duka mai kallo ya san abin da aka nuna masa, bai kuwa ɗauki wani abu daban ba.

Sai mu dubi wani iri kuma. A ƙasar Rasha, zamanin mulkin Stalin, akwai wani mutum Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki daga 1936 zuwa 1938. An ɗauki hotonsa a 1937 yana tafe da Stalin a bakin mashigin ruwa na Mosko. Da Stalin ya juya masa baya, aka harbe shi a 1940, sai aka sake fitar da hoton nan ba shi, ruwa ya cike inda ya ke tsaye. Haka aka yi wa Trotsky, aka shafe shi daga hoton da aka ɗauka ran 5 ga Mayu 1920 sa'ad da Lenin ke yi wa sojoji jawabi a Mosko. Ba don ƙawata hoto aka yi haka ba. So ake na baya su tashi su ɗauka waɗannan mutane ba su taɓa kusantar shugabanni ba. Kashe mutum ya raba shi da ransa, shafe shi kuma ya raba jama'a da sanin abin da ya faru.

Wani zai ce, ai wannan aikin azzaluman sarakuna ne, ina ruwansa da mu? To, ga wanda ya faru ba da mugun nufi irin wancan ba. A watan Janairu 2020, a garin Davos na ƙasar Siwizalan, aka ɗauki hoton 'yan mata biyar ma su fafutukar kare yanayin duniya. Huɗu Turawa ne, cikinsu har da Greta Thunberg, ta biyar kuwa Vanessa Nakate ce 'yar ƙasar Yuganda, tana tsaye a gefe. Kamfanin dillancin labarai na AP ya datse gefen da ta ke, ya watsa hoton da Turawan kaɗai. Da farko an ce don tsarin hoton ya yi kyau ne. Amma duniya ta ga kamar ba wani ɗan Afirka a wurin, ita kuwa ta fito ta nuna ɓacin ranta, har kamfanin ya ba da haƙuri. Ashe ko niyya ba ta ɓaci ba, wanda aka cire yana da hakki.

Akwai ma su cewa ai kowane mai ɗaukar hoto zaɓe ya ke yi, ya karkata kyamara nan ya bar can, don haka ba hoton da ya ƙunshi gaskiya duka. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Mai ba da shaida gaban alƙali ma ba ya faɗin duk abin da ya gani tun daga safe, abin da ya shafi shari'ar ya ke faɗi. Amma in an tambaye shi su wa ke wurin, ya tsallake sunan mutum guda da gangan, ya zama mai shaidar zur, ko da sauran maganarsa duka daidai ce. Haka hoto ya ke. Barin abin da bai shafi magana ba daban, ɓoye abin da zai sauya hukuncin mai kallo daban.

Don haka ne ma'aikatan jarida su ke tsanantawa ƙwarai. A 2014 kamfanin AP ɗin nan ya rabu da wani gwanin mai ɗaukar hoto, Narciso Contreras, domin ya shafe kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar hoton wani mayaƙi a ƙasar Siriya. Shi da kansa ya faɗi abin da ya yi, aka kuma binciki hotunansa kusan 500 ba a sami wani gyara ba, amma duk da haka aka sallame shi. Hukuncin ya yi tsauri, amma dalilinsa a fili ya ke: in an yarda a cire ƙaramin abu yau, gobe ba mai iya rantsuwa a kan sauran hotunan.

Mu kuma a gidajenmu jarrabawar tana nan. Aure ya mutu, sai mai gida ya ɗauki waya ya shafe matar daga hoton suna. Abokai sun ɓata, sai a share ɗaya daga hoton biki. Ba wanda zai tilasta wa mutum ya rataye abin da ke sosa masa rai, yana iya naɗe hoton ya sa a akwati. Amma jaririn nan da ke cikin hoton zai girma, ya nemi ganin wadda ta rungume shi ran sunansa. Hoton ba na uban kaɗai ba ne, na duk wanda ke ciki ne da zuriyarsa. Fushi kan huce, abin da aka shafe kuwa, in ba a ajiye na asali ba, ya tafi ke nan.

Sabo da haka kafin ka ɗora yatsa a kan fuskar wani, tambayi kanka abu biyu. Na farko, wanda zai ga hoton nan, ado zai ɗauke shi ko shaida? Na biyu, wanda za ka cire, in ya gani, zai ce ka rage masa wani abu nasa? In ado ne, ba kuma wanda ya yi hasara, to, gyara abinka. In shaida ce, bar ta yadda kyamara ta gan ta. In kuwa ba makawa sai ka gyara, ka faɗa wa wanda ka nuna wa cewa gyararre ne, ka kuma adana na asali. Wanda ya faɗi cewa ya gyara bai yi ƙarya ba, wanda ya yi shiru don a ɗauka haka abin ya ke, shi ne ya yi ta, ko da bai buɗe baki ba.