Kishiyar Da Ba A Ɗaura Wa Aure Ba

Kin san yadda Asabar take a gidajenmu da dama a Gwarzo da Kabo. Ana idar da sallar La'asar maigida zai zura takalmi ya ce, "Bari in ɗan leƙa waje." Ke ma kin san wajen: rumfar kwano ce da bencina, janareto na ta ruri, a ƙofa ga allo an rubuta da alli wa zai kara da wa. In ranar Arsenal da Manchester United ce, sai dai ki rufe masa tuwonsa ki ajiye. Lahadi da dare kuma ga Real Madrid da Barcelona. In Kano Pillars za ta karɓi Enyimba a filin wasa na Sani Abacha, wasu har mota suke shiga zuwa birni. Shi ya sa mata da yawa ke kiran ƙwallo kishiya. To, laifi ne namiji ya ba wa wannan abu ƙarshen makonsa?

Mu fara yi musu adalci. Nishaɗi a kan kansa ba aibu ba ne. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya tsaya mata ta kalli mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci. Mutumin da ya shafe mako a gona ko kasuwa ko bisa babur yana bukatar inda zai sauke gajiya. A kan bencin nan mai kuɗi da talaka kafaɗa ɗaya suke. Son da suke wa ƙungiyoyin ma yana da tushe: da yawa sun bi Arsenal ne saboda Nwankwo Kanu da ya koma can a 1999, wasu suka bi Chelsea saboda Mikel Obi daga 2006. Pillars kuwa ta gida ce, ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

Amma abin da ya halatta yakan zama zalunci in ya ci haƙƙin wani. Wasa minti 90 ne, sai hutun rabin lokaci. Wasa uku a jere, haɗe da musun bayan tashi, ya cinye yini. Daga ina aka ɗebo awannin nan? Daga Magariba da aka haɗa da Isha, daga yaron da ba a duba allonsa ba, daga ke da kika yi kwalliya har barci ya sace ki. Wata maƙwabciyata ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ta kira mijin har sau huɗu, ihun gidan kallo bai bar shi ya ji wayar ba. Mutumin kirki ne kuwa. Kawai lokacin da ya kashe ba nasa ba ne shi kaɗai.

Abu na biyu shi ne gaba. Na ga wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, sun yi mako ba sa gaisawa saboda zolayar an ci wani uku da nema. Ki duba fa: 'yan wasan da suka yi karawar a Landan sun rungumi juna, sun yi musayar riga, ba su ma san akwai gari mai suna Getso ko Garo ba. Mu kuma a nan zumunci ya tsinke. Addini ya kira irin wannan ƙabilanci ɗabi'ar jahiliyya tun yana tsakanin Aus da Khazraj, waɗanda aƙalla jini ya haɗa kowane ɓangarensu. Ina ga kan launin riga?

Na uku ya fi muni, wato caca. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haramta ta, ta kuma faɗi illarta: tana haddasa ƙiyayya, tana hana salla. A 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, amma cacar ta riga ta shiga cikin waya. In kin ga kuɗin cefane na raguwa duk ranar Litinin, kada ki yi shiru. Nan ba maganar haƙuri ba ce, maganar iyaye da malamai ce.

Sai kuma mu juyo kanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke raba dare kan fim ɗin Indiya ko na Hausa mai dogon zango, ko mu wuni gidan biki yara na gararamba, mun ci wannan jarrabawar? Ma'aunin ɗaya ne gare mu da su: salla ta tsira? Haƙƙin wani ya tsira? Zuciya ta fito ba ƙiyayya?

Don haka 'yar'uwa, kada ki ce sai ya daina, ba zai daina ba, sai dai ya koyi yi miki ƙarya. Kada kuma ki tare shi daren da aka lallasa ƙungiyarsa. Bari sai ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Baban Ummi, zaɓi wasa ɗaya da ya fi maka muhimmanci, sauran lokacin namu ne. Wayarka kuma ta zauna a hannunka." In akwai hali, wata rana ku saurari wasan Pillars a rediyo tare da yara a tsakar gida. Ki tambaye shi wa ya ci, ko da ba ki damu ba, yadda kike so ya tambaye ki labarin Islamiyya.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa wa lokacinmu albarka. Amin.