Sarki da Amanar Baƙo

Wajen shekara ta 604, Etelfirit, sarkin Banisiya da ke arewacin Ingila, ya mamaye maƙwabciyarsa ƙasar Deira. Edwin, ɗan Sarki Ella na Deira, ya sha da ƙyar. Ya daɗe yana gudun hijira, yau nan gobe can, har ya faɗa fadar Radwald, sarkin Gabashin Angiliya. Radwald ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yi masa alƙawarin ba mai taɓa shi muddin yana ƙarƙashin inuwarsa.

Da labari ya kai kunnen Etelfirit, sai ya tura manzanni da tayin azurfa mai yawa, a kashe masa Edwin. Radwald ya ƙi. Etelfirit ya sake turawa, ya ƙara farashi. A karo na uku tayin ya ƙaru, aka haɗa da barazanar yaƙi. Kwaɗayi da tsoro suka taru a zuciyar Radwald, ya amsa zai kashe baƙon, ko ya damƙa shi ga manzannin.

Wani aminin Edwin ya tsinci zancen. Da dare, lokacin kwanciya, ya kira shi waje, ya ce ya zo ya fitar da shi daga ƙasar tun kafin gari ya waye. Edwin ya yi godiya, amma ya ƙi tafiya. Ya ce har yanzu sarki bai cuce shi da komai ba, don haka ba shi zai fara karya alƙawari ba. Ina ma ya rage masa wurin gudu? Aminin ya koma ciki. Edwin ya samu wani dutse a ƙofar fada ya zauna, shi kaɗai cikin duhu, yana jiran abin da zai zo.

A cikin gida kuwa, sarki ya sanar da matarsa abin da ya ƙulla. Ba ta ɓoye masa gaskiya ba. Ta nuna masa cewa abin kunya ne babban sarki kamarsa ya sayar da mutumin da ya fake da shi cikin wahala, kuma ba taskar da ta kai mutuncinsa daraja. Maganar ta shige shi.

Radwald ya sallami manzannin hannu wofi, ya tara dakaru cikin gaggawa, ya nufi arewa kafin Etelfirit ya gama haɗa nasa. A shekara ta 616 suka gwabza a bakin kogin Aidil. Etelfirit ya faɗi a fagen fama. Radwald ma ya rasa ɗansa na cikinsa, Ragenhere, a wannan yaƙi.

Edwin ya hau gadon sarautar Notambiriya, wato Banisiya da Deira a haɗe, ya yi mulki har 633. Malami Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya ba da labarin zaman lafiyar zamanin: mace na iya ratsa ƙasar da jinjirinta ba mai tare ta. Edwin ya sa an kafa turaku kusa da idanun ruwa na bakin hanya, an rataye kofunan tagulla don matafiya, kuma ba mai ɗauke su.

Duk wannan alheri daga nasihar mace ɗaya ya faro, wadda Bede bai ko ambaci sunanta ba. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne, Radwald kuwa ya ɗauki nasa har ya biya da ran ɗansa. Mai riƙe da amanar wani, ya riƙe ta ko da za ta ci masa tsada. Wanda kuma Allah ya ba shi mai gaya masa gaskiya a gida, ya saurare shi.