KUJERAR MANAJA AMANA CE

  

Ya kai ɗan'uwana matashi, mai sammako kullum zuwa Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, maganar nan taka ce. Yau kai ƙaramin akawu ne, ko mai tsayuwa gaban inji. In Allah Ya yi maka tsawon rai, ka riƙe aiki da gaskiya, gobe a ba ka shugabancin sashe, jibi a ce kai ne manaja. Neman wannan matsayi ba laifi ba ne. Annabi Yusufu da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, don ya san zai iya tsare su. Abin tambaya shi ne, in ka hau kujerar, yaya waɗanda ke ƙarƙashinka za su kwana?

Ka duba Suratul Ƙasas. Lokacin da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa aiki, 'yarsa ta ambaci siffa biyu ta ma'aikaci nagari: ƙarfi da amana. Shi kuma dattijon ya yanke wa'adin aikin a fili, shekara 8 ko 10, ya kuma nuna ba ya nufin tsananta masa. To, ka ga kowane ɓangare da nasa nauyi. Mu kuwa mun haddace rabon lebura, mun manta rabon ubangida.

Kada ka ce wannan labarin mutanen da ne. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka shiga wani kamfanin shinkafa a Challawa, suka fito da ma'aikata fiye da 100 waɗanda aka hana fita kusan wata 3, tun farkon kullen cutar korona. An kama wasu manajoji. Ka tambayi kanka: da kai ne mai riƙe da makullin ƙofar nan, me za ka yi?

Ka sani, ya ɗan'uwana, haƙƙin ma'aikaci a wuyanka iri huɗu ne.

Na farko, lada. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Ɗayansu shi ne wanda ya sa mutum aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa. Dokar ƙasa ma ta yi magana: a 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Wanda ya yanki kuɗin nan daga albashin talaka bai zuba ba, wallahi cin amana ya yi, ko da sahun farko yake salla.

Na biyu, lafiya. Mai aiki a majema hannunsa cikin guba yake wuni. Mai aiki a kamfanin roba, inji na iya tafiya da yatsunsa cikin ƙiftawar ido. Safar hannu, da takalmi, da abin rufe hanci ba alfarma ba ne. Tun 2010 doka ta wajabta wa kamfani ya biya kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, don a biya diyya ga wanda ya ji rauni. Ka bincika ko ana biya.

Na uku, lokaci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, to a kama masa. Ka tsara aiki yadda mutane za su yi salla a kan lokaci, su huta, su ga iyalinsu.

Na huɗu, harshe. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, bai taɓa jin tsawa daga bakinsa ba. Kai kuwa wata 10 da samun ofis, sa'an mahaifinka kake zagi gaban mutane?

Na san abin da za ka ce: "Malam, ni ma ɗan aiki ne. Kasuwa ta lalace, wuta babu, tun tsarin SAP na 1986 masaƙu ke rufewa." Gaskiya ne. Amma ƙuncin kasuwa bai halatta zalunci ba. In kamfani ba ya iya riƙe mutum, a sallame shi da haƙƙinsa cikakke. Kai ne kunnen mai kamfani, ka faɗa masa gaskiya da ladabi, ka rubuta. In aka ce sai ka sa hannu a kan zalunci, kada ka sa. Arziki ba a hannun mai kamfani yake ba.

Kujera aro ce. Wanda ka wuce a bakin ƙofa yau, shi zai tsaya ya ba da shaida a kanka gobe. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya ba mu halal mai albarka.