Dubiyar Wanda Aka Yi wa Dashen Ƙoda

Addini ya ɗora mana duba mara lafiya, kuma a Ɗanbatta ba ma wasa da wannan haƙƙi. To yaya za a yi idan dubiyar ce za ta mayar da shi gadon asibiti?

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma har yau kaɗan ne a cikinmu suka san abin da ke biyo bayan sallama. Jiki yana ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, ya tasam ma yaƙarta. Shi ya sa ake shan magani irin tacrolimus safe da dare don rage ƙarfin garkuwar jiki. Murar da yaro ke yawo da ita tana iya kwantar da mai dashe.

Yayanmu ya dawo gida dab da Babbar Sallah, ɗauke da ƙodar ƙanwarmu. Bai je Idi ba. Daga ɗaki ya ji kabbarori, takunkumi a fuskarsa, ruwan shansa dafaffe a buta. Gwaggonmu ta taso daga Makoɗa da soyayyen naman layya, ga jikanta na tari. Da muka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida ta ce, "Haba 'ya'yan nan, a hana ni ganin jinina ranar Sallah? Ai Allah ke tsarewa."

Gaskiya ta faɗa, Allah ke tsarewa. Amma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma ya nuna wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar gaɓa, ta haramta sayar da ita. Ƙanwarmu ta yarda an tsaga cikinta saboda Allah, don haka ƙodar nan amana ce a wuyan dangi duka. Sakaci da ita ba tawakkali ba ne.

Kaɗaici ma ciwo ne, na gani a idon yayanmu. Sai dai an shar'anta dubiya domin amfanin mara lafiya. Wanda ya gaishe shi ta taga, ya nome masa gonar gero, ko ya tallafa da kuɗin maganin da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, ya sauke haƙƙin zumunci cikakke.